Ranar da Na Kashe Mushe Habu

Na zauna Akkara, na zauna Legas, harsuna huɗu a bakina. Da aka ɗauki fim ɗin bikin ajiye aikin Mushe Habu, malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a Tasawa, na bugi ƙirji na sa basirar na'ura ta juya shi Ingilishi don surukansa 'yan Gana. Ko saurare ban yi ba.

Da aka kunna fim ɗin a gaban baƙin, gabana ya faɗi. Ashe na'urar Hausar Kano ta koya. Duk inda muka ce "Mushe", wato malam a wurinmu, sai ta ce matacciyar dabba. A fim ɗin mai unguwa yana ta yabon matacciyar dabba, ni ina zufa, ina roƙon Allah wuta ta ɗauke, kada zumuncina da malamina na shekara arba'in ya watse.

Har yau in Mushe Habu ya hango ni sai ya ce, "Alhaji, toshe hanci, ga ni tafe!"