Numfashin Injin Baba

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan taɓa mantawa da furojet ɗina na ajin ƙarshe a jami'a a Samaru ba. Cewa aka yi in auna numfashin inji, wato iskar da silindar inji ke zuƙa a zahiri idan aka gwada da wadda cikinta zai iya ɗauka. Injin sashenmu ya lalace, sai Baba, wanda yake jan tasi tsakanin Samaru da Sabon Gari tun ban san kaina ba, ya sa aka sauke na motarsa ya ara mini. (Mutumin da ko ƙofarta ba ya bari mu rufe da ƙarfi.)

Na ɗora shi a kan daino, na'urar da ke nuna ƙarfin inji da saurin juyawarsa, na maƙala ma'aunin iska, na buga lissafi. Amsa ta ce ko rabin cikinsa ba ya cikawa. Na nufi gida Muchia ina ɗaure fuska kamar likita.

"Baba, sai haƙuri. Injin nan ya gama yawo."

Ya dube ni. "Tunda kai ka faɗa, Injiniya."

Ya yi magana da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su zo su ɗauke motar da zarar na gama. Tuwon kirki ma ya daina ci, ni kuwa ina ta taƙama na gano cuta.

Ranar kare aikin ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna can baya. Ina tsakiyar zuba Turanci, farfesar da aka gayyato ta ɗaga biro.

"Injin nan, a juyi biyu sau nawa yake shan iska?"

"Sau ɗaya, Ma."

"To me ya sa naka yake sha a kowane juyi?"

Ashe ban raba da biyu ba a lissafina, shi ya sa amsa ta fito rabi! Karatun aji biyu fa. Ɗaki ya kwashe da dariya, gumi ya wanke ni har cikin safa. Baba ba ya jin Turanci. Da ya ga ana dariya, sai ya shiga gyaɗa kai yana murmushi, wai ɗansa ya burge.

A waje na sunkuyar da kai. "Baba, injinka lafiya lau yake. Ni na yi kuskure."

Ya dafa kafaɗata, idonsa ya ciko. "Alhamdulillahi! Allah ya ƙara maka irin wannan kuskuren, ɗana."

Tun daga ranar, in lissafina ya ce abu ya mutu, sai na sake bugawa kafin in tafi yi wa mai shi ta'aziyya.