Rabin Amarya Cikin Kwallata

Matso kusa ka ji, amma don Allah a yi dariyar a hankali. Ba za ni taɓa mantawa da ranar da ƙanena Sanusi, mai ɗaukar bidiyon biki, ya shigo gidanmu na Sabon Birni da sabuwar kwamfutarsa ba. Ba irin ta kan tebur ba ce, doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, ana tura ta cikin wata kanta ta ƙarfe kamar durowa. Murna ta hana ni zama. Na yar da tsintsiya tsakar gida na je na tsaya a kansa (ban yi nisa a makaranta ba, amma magana ba ta wuce kunnena).

Ya ɗauko wasu 'yan faya-fayan ajiya guda biyu, sirara, tsawon yatsa, wai SSD. Ya ɗaure kowanne a kan wani katin lantarki da ɗan noti, ya soka katunan a cikin injin.

"Yaya, aikina duka cikin waɗanga zai zauna," in ji shi. "Za ni haɗe su su yi aiki tare, RAID ake ce mai. Iri biyu ne. Na farko kamar rumbu biyu: abin da anka zuba ga wanga, sai an zuba irinsa ga wancan. In ɗaya ya ƙone, ɗaya na nan."

Na tafa hannu. "Ashe masu kwamfuta ma sun san gobara!"

Nan na jiyo ƙaurin tuwo, na ruga madafa. Bayanin iri na biyu, bangon ɗaki ya yi wa.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Wane mai hankali ke jera rumbu biyu jiki da jiki? Ko rumbunan Baba, Allah ya jiƙan sa, ɗaya na gabas da gida, ɗaya na yamma. Don haka ranar Juma'a, da Sanusi ya kashe inji ya tafi masallaci, na kwance notin yadda na ga yana yi, na zare kati ɗaya, na naɗe shi a ɗankwali, na sa a kwallata ta can ƙasa, inda nake ajiye turaren wuta. Ji nake na ceto yaron nan daga asara.

Da la'asar sai ga dangin wata amarya daga Turba, sun zo ganin bidiyon bikinsu, uwar amarya Hajiya Kulu a gaba. Na shimfiɗa tabarmi, na dama fura, ina ta cika baki: "Yau za ku ga aikin zamani!"

Sanusi ya kunna. Inji ya yi gurnani, allo ya kawo haske, amma ba amarya ba dalilinta. Ya jawo kwamfutar ya buɗe, ya yi salati. "Kati ɗaya babu!"

Hajiya Kulu ta ajiye ludayi. "Kai Sanusi, bikin ɗiyata hwa ba a sake shi."

Sai ni, da isata: "Ku kwantar da hankali, ai ɗayan rumbun na nan."

Ya juyo a hankali. "Wane rumbu, Yaya? Iri na biyu na yi, don sauri. Kowane hoto rabi nan, rabi can. In babu ɗaya, babu komai." Ya ƙura mini ido. "Yaya. Ina katina?"

Wayyo! Kwallata a jere suke har kusa da rufi, sai da na sauke su ɗaya bayan ɗaya, kowane murfi na kwaramniya yana shaida wa baƙi inda aka kwana. Na fito da ƙunshi, kaina a ƙasa.

Hajiya Kulu ta riƙe haɓa. "Ashe rabin ɗiyata na cikin kwalla tun azahar! Allah ya sa kan ne kinka ɓoye, ba ƙafafun ba."

Aka fashe da dariya, har da mai tuntsurar da fura. Sanusi ya mayar da kati yana ƙamshin turare, ya kunna, sai ga amarya cikakkiya tana murmushi. Aka rangaɗa guɗa, ni kuwa na laɓe bayan ƙyaure.

Tun ranar, in ana bayani, ko tuwo zai ƙone har tukunya, sai na ji ƙarshe. Amma tsakaninka da Allah, da kai ne ka ga rumbu biyu manne da juna, za ka iya zuba ido?