Katangar Kewaye da Taɓaryar Yalwa

Ba zan taɓa mantawa da wannan daminar ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, tsofaffin unguwarmu da suka rage ba za su bar ni ba. Cikin shekarun nan ne na hamsin, kafin Turawa su tattara nasu ya nasu. Lokacin ni tela ne, da keken ɗinkina a zauren gidana can bayan Ƙofar Wambai, kuma na yi ajin manya na iya karanta boko. Wannan ɗan karatun shi ya ja mini komai. Duk mako in jaridar Hausa ta zo, sai maza su cika zaurena in karanta musu, in na karanta layi biyu in ɗora nawa goma. (Ban taɓa gaya musu inda jarida ta tsaya da inda bakina ya kama ba.)

To, a tsakiyar daminar aka yi kwana uku ana tsuga ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kududdufin bayan unguwa ya cika ya tumbatsa, ya biyo lungu ya shiga gidajen mutane. Ɗakuna suka yi ta zubewa. Maƙwabcina Malam Bukar, wani dattijon Babarbare mai sayar da kanwa, soronsa ya rufta gaba ɗaya, Allah dai ya kiyaye ba kowa a ciki. Gidana kuwa yana kan ɗan tudu, ko gezau bai yi ba.

Ranar da ruwan ya ɗauke mai unguwa ya leƙo zaurena ya ce gobe da hantsi wani ɗan sarki zai zo jaje, zai kawo azara da zana da hatsi, kuma har da mai ɗaukar hoto na jarida za a zo. Yana fita gardama ta kaure. Wasu suka ce Allah ya saka, ai ba a saba ganin ɗan sarki cikin caɓi ba. Wasu suka ce a bari a gani tukuna. Ni kuwa na ture keke gefe na gyara zama.

Na ce, "Hoto ne ya kawo shi, ba mu ba. Ku cire mai hoton nan ku gani in zai tako lungun nan. Zai taɓa azara da yatsa biyu, a ɗauka, a goge masa hannu, mako mai zuwa in karanta muku cewa shi ya gina unguwar."

Aka yi dariya, na ji daɗi har cikin raina. Malam Bukar da ke zaune bakin ƙofa ya ce, "Malam, ni dai iyalina a zauren wani suke kwana. In don hoto zai kawo azarar, ya kawo, hannu biyu zan karɓa." Na ce masa ai irin wannan tunanin ne ya sa ake raina talaka.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa a zauren ba. Tun da mai unguwa ya ambaci mai hoto, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Shekara uku ina riƙe da jarida ina nuna wa mutane fuskokin wasu, ga wane a Kaduna, ga wane a Ikko, ni ko inuwata ba ta taɓa shiga ba. Ga shi an kawo abin har lungunmu, amma gidan Malam Bukar za a tsaya, fuskarsa za ta fito, ni kuma in zauna in karanta sunansa da bakina. Na koma kan keke na ɗinka aljihu a baibai. Na farke, na sake, na tashi na leƙa lungu, na dawo, na sha ruwa ba ƙishirwa. Wallahi haushin gidana nake ji don ya ƙi faɗuwa. (Ka ji fa, ina hassadar mutumin da rufi ya zube masa.)

Bayan azahar mazan unguwa suka tafi yashe magudanar kududdufi, lungu ya yi tsit. Na zaga bayan gida na tsaya ina kallon katangar kewaye, wadda ta raba wurin wankanmu da lungu. Na ce a raina ai guntuwa ce, ba wani abu ba ce, da rani a mayar. Na sa kafaɗa na tura, ba ta san ina yi ba. Na ja da baya na dawo da gudu, kafaɗata ce ta ji jiki. Sai na shiga tsakar gida na ɗauko taɓaryar matata Yalwa.

Ta biyo ni da ido ta ce, "Malam, me za ka daka a kewaye?"

Na ce, "Ƙarfin katangar nan nake gwadawa, kada ta faɗa wa yaran mutane."

Ta tsaya ta kalle ni ina sara ina haki, ta ce, "To ai ga shi tana nuna maka."

Sai gab da la'asar katangar ta yarda. Rabinta na sama ya tafi cikin lungu rugugum, ƙura ta tashi. Ƙura fa, a tsakiyar damina! Nan na fara shan jinin jikina, na yi maza na juye tulu biyu a kan ɓaraguzan don su yi kama da na sauran mutane. Taɓarya kuwa ta tsage tun daga kai, na jingine ta a nan. Yalwa ta leƙo, ta ga lungu fayau daga inda take ajiye ƙwaryar wankanta, ta ce, "Yanzu a ina zan yi wanka?" Gaskiya ban kai nan da tunani ba. Na bar ta tsaye na tafi wajen mai unguwa da fuskar tausayi, na ce ni ma ƙaddara ta same ni.

Da safe kuma sai rigimar tufafi. In sa babbar rigata ta salla, ba zan yi kama da wanda ruwa ya yi wa ɓarna ba. In sa tsumma, haka zan fito a jarida har abada. Sau uku ina sawa ina cirewa. A ƙarshe na raba gardama, na sa tsohuwar riga da sabuwar hula.

Ɗan sarkin ya bar motarsa bakin titi ya shigo da ƙafa, da dogarai biyu, da mai unguwa, da mai hoto, jama'a na biye. Saurayi ne ashe, ya tattare riga, taɓo har idon sawu. Da yake ɓaraguzan katangata sun tare lungun, dole wurina aka fara tsayawa. Na zube cikin caɓi na kwashi gaisuwa (ni ɗin nan mai cewa ana raina talaka), ina satar kallon mai hoto ta gefen ido.

Ɗan sarkin ya ce, "Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri." Sai ya dubi abin da ya rage a tsaye ya ce, "Amma katangar nan ba ta tsufa ba. Wa ya gina ta?"

Cikin zumuɗina na manta sarai cewa an gayyato Baba Tanko, tsohon maginin unguwarmu, don ya duba gyaran da kowane gida ke bukata. Ya matso ya durƙusa ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Rani biyu ke nan."

Ɗaya dogarin ya ce, "Rani biyu kacal? Maginan yanzu sai a hankali."

Na ga fuskar tsohon nan ta sauya. Mutum ne da ya gina rabin unguwar, shi ya yi soron da aka haife ni a ciki, ga shi ana ce masa maha'inci a gaban ɗan sarki da mai hoto. Da ni mutumin kirki ne, nan zan buɗe baki. Ban buɗe ba, na sunkuyar da kai ina addu'a a wuce.

Baba Tanko bai ce a wuce ba. Ya tuɓe takalmi ya hau kan ɓaraguzan a hankali. Ya shafa gindin katangar, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ta gindi yake cin katanga. Sai ya jiƙa ta, ta yi laushi, ta zauna. Wannan gindinta na nan daram, sama ce ta tafi." Ya zaro tubali ɗaya daga ƙasan tulin, ya buga a gwiwarsa, ya rabe biyu. Gari ya zubo busasshe kamar na tuwo. Sannan ya juyo da wani ɓangaren yaɓe ya nuna wa jama'a wasu ramuka zagayayyu, jere reras. Ya ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin ruwan sama mai kai irin na taɓarya ba."

Duk idanu suka bi ta giɓin katangar zuwa cikin kewaye. Ga ta nan a jingine inda na bar ta, a tsage, da jar ƙasa a kanta.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan shirun ya fi dariyar zafi. Gumi ya karyo mini daga ƙarƙashin sabuwar hula. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma caɓi ne kawai, iyakarsa gwiwa. Ɗan sarkin ya ja amawalin rawaninsa ya rufe bakinsa, na ga kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa sai ya ce wa Baba Tanko, "Baba, a yi haƙuri, aikinka ya wanke ka." Ya juya ga mai unguwa ya ce, "Malam tela Allah ya ba shi ƙarfi. A samo masa kwando ya taya mu a gidan Malam Bukar." Nan ne fa lungu ya ɗauka da dariya, har matan da ke leƙe ta saman katanga ina jin su.

Haka na wuni ina jidar ƙasa a ka. Ina gani da idona ɗan sarkin ya kama bakin azara, Malam Bukar ya kama ɗaya bakin, mai hoto ya ce a sake bai fito ba, suka ajiye suka sake ɗauka. Daidai abin da na faɗa a zaure, amma ina bakin magana? Kuma tunda gaskiya nake faɗa yau, mai hoton ya tafi tun kafin rana ta take, ɗan sarkin kuwa yana nan tsaye cikin taɓo har aka kira azahar.

Washegari na je na durƙusa gaban Baba Tanko na roƙi gafara. Ya ce ya yafe, amma ba a gini da damina, kuma in rani ya zo sai ya gama da duk waɗanda ruwa ya rushe wa kafin ya zo kan wanda taɓarya ta rushe wa. Zana muka kafa. Awakin unguwa suka yi ta cinta, duk ranar da Yalwa za ta yi wanka sai na bar ɗinki na je na tsaya gadi a lungu. Taɓarya kuma sai aro Yalwa take zuwa gidan Malam Bukar, takan daɗe ba ta dawo ba, ina jiyo shewarsu ta katanga.

Da jaridar ta fito, zaurena bai taɓa cika irin na ranar ba, har a lungu aka tsaya. Ga hoton nan: ɗan sarki da azara, Malam Bukar na murmushi. Can gefe, inda takardar ta kusa ƙarewa, ga rabin bayan wani mutum ɗauke da kwando, hularsa sabuwa fil ta karkace. Ba fuska, amma duk unguwa ta san hular. Na karanta rubutun da ke ƙasan hoton tiryan-tiryan, ban ƙara ko wasali ba, na ninke jaridar.

Malam Bukar ya ce, "Malam, yau ba sharhi?"

Na ce zare ya ƙare mini, zan je kasuwa.

Har yau in ka tambaye ni ko don Allah ɗan sarkin nan ya zo ko don hoto, ban sani ba, wataƙila shi ma da za a tambaye shi sai ya yi tunani. Amma tun daga ranar, in aka fara cewa wane don a gan shi yake yi, sai in duƙufa kan ɗinkina. Shi don hoto ya ɗauki azara, Malam Bukar ya samu rufi. Ni don hoto na ɗauki taɓarya, matata ta yi wata biyar tana wanka a bayan zana.