Shugaba Brekkhus da Gemun Tsoho

Garinmu ya yi babbar sa'a ranar da Halvard Brekkhus ya sauka daga jirgin fito da akwatuna goma sha ɗaya da gyalen siliki a wuya. Kafin zuwansa muna zaune cikin duhun kai. Muna da duwatsu, muna da mashigin teku, muna da ƙanƙara a kan tsaunuka har tsakiyar bazara, amma ba mu san yadda ake kallonsu ba. Shi ya zo ya koya mana.

Shekara talatin ya yi yana sayar da labule a birnin Bergen, sana'ar da ta ba shi, a faɗarsa, idon da ya fi na kowa sanin launi. Bai cika shekara a garin ba ya zama shugaban ƙungiyar masu zane, domin ranar zaɓen shi kaɗai ya ɗaga hannu, sauran suna layin kofi. A nan kowa da sunansa kawai ake kiransa, har limamin coci. Shi kuwa ya nemi a riƙa ce masa Shugaba Brekkhus. Muka amince. A bayan idonsa muna ce masa Labule.

Labule ba ya kallon dutse kamar sauran mutane. Sai ya ja da baya taku uku, ya runtse ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa, ya yi ajiyar zuciya kamar dutsen ya ba shi kunya. Ra'ayinsa ɗaya ne, kuma yana rabar da shi kyauta a kanti, a bakin jirgi, har a wurin jana'iza: zanen ƙasa ya mutu tare da magabata, waɗanda suka hau tsauni da ƙafa shekara ɗari biyu da suka wuce suka zano Norway da ɗaukakarta. Na yanzu duk masu ɓarnar fenti ne. Saura mutum ɗaya da ya riƙe amanar, kuma tawali'u ba zai bar shi ya faɗi sunansa ba.

A bazarar da nake ba da labari, wasiƙa ta zo cewa wata Sunniva Aakre, mai zaɓar zane a wani gidan baje koli na Oslo, za ta halarci bajekolinmu na shekara, ta ɗauki zane ɗaya tak zuwa babban birni. Labule ya karanta mana wasiƙar sau biyu a tsaye. Daga nan ya sanar cewa zai keɓe kansa a kan tsauni kwana tara, ya zano Gemun Tsoho.

Gemun Tsoho magangarar ruwa ce a can ƙarshen kwari, tafiyar awa uku a ƙafa. Kakanninmu suka sa mata sunan saboda yadda farin ruwan yake saukowa a fuskar dutsen. Sai dai an daɗe da yi wa tsohon aski. Shekara talatin da takwas ke nan da kamfanin lantarki ya tare ruwan a sama ya zuba shi cikin bututu don samar wa garin wuta. Duk yaron da aka haifa a garin ya san haka. Labule bai sani ba, don bai taɓa wuce inda kwalta ta ƙare ba. Mu kuma ba mu da al'adar katse babban mutum.

Kwana tara labulen gidansa na sauke. Maƙwabta sun ce sun riƙa jin ƙanshin soyayyen kifi daga tsaunin nasa, wato bayan labulen, da ƙarar rediyo. A rana ta goma ya fito da gemu na kwana tara da sabon takalmin hawan dutse wanda ko laka bai taɓa ba, yana ɗingishi a kan ƙafar da ya tuna. Zanen ya kai girman ƙofa: ruwa na zubowa kamar madara, bakan gizo biyu, barewa a gefe tana mamaki. Tsofaffinmu suka gane shi nan take. Hoton watan Yuni ne na wata tsohuwar kalanda da har yanzu take rataye a gidaje da yawa. Barewar ce kawai tasa.

Ranar tantance zane Ragnfrid Tveiten ta kawo nata. Shekarunta saba'in da huɗu, a gonar da ke ƙarƙashin magangarar aka haife ta, kuma kowace bazara tana hawa can da jakar fenti a baya. Tana budurwa ta zana ruwan, da aka ɗauke shi ta ci gaba da zana abin da ya rage. Yanzu idonta ya fara yin hazo, likita ya gaya mata gaskiya, ita ma ta gaya mana cewa wannan ne babban zanenta na ƙarshe. Baƙin dutse ne tsirara, da farin tabo a inda ruwa ya bi shekaru dubbai, da bututu mai tsatsa yana gangarowa a gefe. Duk wanda ya tsaya gabansa sai ya yi shiru.

Labule bai yi shiru ba. Ya ja da baya taku uku, ya miƙa yatsa.

"Ragnfrid, baiwar Allah," ya ce, "ban ƙi ƙoƙarinki ba. Amma baƙuwa za ta zo daga Oslo ta ga Norway, ba bayan gareji ba. Babu wuri mai muni haka a ƙasar nan. Mai zane na gaskiya yakan fita ya duba da idonsa."

Ragnfrid ta dube shi, ta dubi takalminsa. Aka kai zanenta kicin ɗin zauren bajekolin, aka jingine shi bayan tukunyar kofi. Ta ɗaura ɗankwalinta ta fita. Mu da muke wurin muka sunkuyar da kai, kuma ba na alfahari da hakan.

Ranar buki Shugaba ya yi jawabin minti hamsin a gaban zanensa. Ya ba da labarin sanyin da ya sha, da feshin ruwan da ya jiƙa masa fenti, da rugugin da har yanzu bai bar kunnensa ba. Sunniva Aakre, wata siririya mai rigar ruwa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta shiga kicin neman kofi. Ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito sai ta ce zane biyu sun ja hankalinta, kuma a bayan kowanne an rubuta sunan wuri ɗaya. Tana so ta ga wurin gobe da safe. Tunda Shugaba ya kwana tara a can, ai babu wanda ya fi shi dacewa da ja-gora.

Labule ya tuna da ƙafarsa. Torkjell, makiyayin tumaki da ke kiwo a kwarin, ya ce ba komai, zai kai mu rabin hanya a tarakta.

Muka tashi mu tara, har da Ragnfrid da sandarta. Shugaba ya shige gaba kamar yadda ya kamaci shugaba. A mararrabar farko ya yi dama, Torkjell ya yi tari, ya dawo ya yi hagu, yana bayanin cewa ya so nuna wa baƙuwa wani irin gansakuka ne. A ta biyu ma haka. Sabon takalmi ya fara cizonsa, ɗingishin ya zama na gaske, a ɗaya ƙafar. Tsohuwa mai hazon ido ta wuce shi ba ta waiwaya ba.

Wajen tsakar rana muka fito wani fili a gindin baƙin dutse. Kowa ya sauke jaka, aka buɗe burodi da cuku. Labule ya iso a ƙarshe, yana haki, gyalen siliki ya manne masa a wuya. Ya ɗaga kai ya ga bututu. Ko a wannan hali bai manta da aikinsa na ilimantar da jama'a ba.

"Ki duba, Malama Aakre, irin ɓarnar zamani. Kada mu ɓata lokaci a nan. Ki daure, saura kaɗan, bayan wancan dutsen ne. In kin kasa kunne za ki fara jin rugugin."

Muka kasa kunne. Wata tunkiya ta yi kuka a nesa.

Sunniva ba ta ko dube shi ba. Tana tsaye kusa da Ragnfrid, suna kallon farin tabon da ke jikin dutsen, tsohuwar tana nuna mata inda ruwan yake rabuwa biyu a da. Na ji ta tambaye ta ko za ta yarda zanen ya tafi Oslo, kuma ko za ta zo buɗewa da kanta. Ragnfrid ta ce sai ta ga wanda zai kula mata da kaji.

Sai a lokacin abin ya isa ga Shugaba. Fuskarsa ta yi ja, ta yi fari. Ya ce lallai kwanan nan aka yi wannan aika-aika, zai rubuta wa hukuma, domin shi da idonsa ya ga ruwan, da haskensa ya yi aiki.

Torkjell ya gama tauna burodinsa, ya share baki da bayan hannu.

"Wannan kam gaskiyarka ce, Halvard," ya ce. "Da haskensa ka yi aiki. Shi yake kunna fitilar falonka."