Jar Shinkafar Gidan Baba Bukar

Ba zan taɓa mantawa da wata jar shinkafa da na ci a wani ƙauye kusa da Guri ba. Har yau in na ji ƙamshin man shanu a kan shinkafa mai zafi, sai kunya ta rufe ni kamar jiya abin ya faru.

Zamanin Turawa ne. Ni haifaffen Haɗejia ne, amma na yi shekaru a Kano ina aikin akawu a wani kamfani mai sayen gyaɗa da fatu. Aikin ba laifi: ga albashi, ga kaki mai guga, ga mutane suna ce maka ranka ya daɗe ba ka tsinana musu komai ba. Abin da ya ishe ni shi ne, kullum alƙalamina ke jawo a je a kwashe kayan wani bawan Allah don ya kasa cika alkawari. Rana ɗaya na ajiye aikin, na hau jirgin ƙasa zuwa Malam Madori, na ƙarasa gida. (Mahaifiyata ta daɗe tana kallona, daga baya na ji ta aika a karɓo mini rubutu.)

Shekarar da ta gabata ambaliya ta cinye shinkafar fadama, mutane da yawa yunwa ta sa sun dafa irin da suka ajiye. A wajenmu kuwa, wanda bai watsa iri da ruwan fari ba kafin kogi ya cika ya malalo, to ya yi asarar shekara. Sai na kwashe ɗan abin da na tara na sayi buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Niyyata in ba marasa iri, da kaka su mayar mini daidai yadda suka karɓa, ba ƙari.

Matsalar ita ce gane wa ke da shi, wa ba shi da shi. Duk wanda ka tambaya ya gida, sai ya ce alhamdulillahi, ko da kuwa rabon tukunyarsa da wuta tun shekaranjiya. Ni kuwa na zo da dabarar kamfani, inda Bature ya koya mana kada mu yarda da baki, mu duba da ido. Na ji a raina ba wanda zai ruɗe ni.

Da na isa ƙauyen nan da buhunana, Bulama, mai garin, ya sauke ni a gidan wani dattijo, Baba Bukar, dogo mai fara'a, rigarsa fes ta sha shuni. Ina zama a zaure na ji an fara daka a cikin gida. Jim kaɗan kaza ta yi ƙara, sannan ta yi shiru. Na gyaɗa kai irin na masu bincike, na ce wannan gida akwai wadata.

Aka kawo shinkafa ja, tana tururi, man shanu yana kwance a kai, ga kaza. Baba Bukar ya ce bismilla, ya fita ya bar ni kamar yadda ake wa baƙo. A gidanmu an hore mu da barin ragowa a akushi don mutanen gida, amma tun asuba nake kan keke, kuma shekarun Kano sun sa na saba da abincin saye wanda ake suɗe kwano. Na share akushin tas.

Ya leƙo ya ce, "Malam Akawu, a ƙaro?"

Mai hankali cewa yake ya ƙoshi. Ni kuwa na ce, "To Baba, in akwai."

Ya waiwaya cikin gida, ya ce, "Akwai mana." Da yamma ma haka, da safe ma aka sake daka, na sake nuna bajinta.

Da hantsi aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan Bulama. Gabas ta fara haɗa hadari, kowa na ɗaga kai yana dubawa. Na yi ta auna iri ina zuba wa mutane, wani a ƙwarya, wani a bakin riga, har na kakkaɓe buhun ƙarshe. Baba Bukar na zaune a gefe yana jan carbi, ban ko dube shi ba. Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma daɗin godiyar da ake mini ya hau mini kai, na miƙe na gyara murya.

"Jama'a, ku yi koyi da Baba Bukar! Ambaliyar da ta ci ku shi ma ta ci shi, amma saboda tanadi, gidansa shinkafa ake ci safe da yamma. Ni shaida ne!" (Har da shafa ciki, Allah ya yafe mini.)

Baba Bukar ya sunkuyar da kai ya ce alhamdulillahi. Sai wata tsohuwa mai tallan bandar kifi, wadda ta tsaya kallo, ta dire farantinta. Iya Gana ce, yayar Baba Bukar, kuma ta kai shekarun da ba ta shakkar kowa.

"Ɗan nan, kai ne mai raba iri?"

"Ni ne, Iya."

"To na Bukar fa?"

"Ai shi Allah ya rufa masa asiri."

"Ya rufa, kai ka zo ka buɗe. Tulun da muka liƙe da laka tun kaka, muna kwana da yunwa ba mu taɓa shi ba, shi aka fasa maka. Irin Bukar yana cikinka. Kazar ma tawa ce!"

"Haba Yaya, don Allah," in ji Baba Bukar.

"Rufe mini baki. Fara'arka za ka shuka?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga buhu wayam a hannuna, ga hadari, ga mutumin da ya fi kowa buƙata na bar shi hannu rabbana. Don ruɗewa sai na ƙara kwaɓa ta, na zura hannu aljihu na zaro jakar kuɗi. A karo na farko fara'ar dattijon nan ta ɗauke.

"Malam Akawu, a gidana ba a sayar wa baƙo abinci."

Bulama ne ya cece ni. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Tsaya, Bukar. Wa ya sauke maka baƙon nan? Ni ne. Baƙon gari ne, ba naka kai kaɗai ba. Abin da baƙon gari ya ci kuwa, gari ne ke ciyarwa. Ko so kake ka kwashe ladan kai ɗaya?" Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya fara zuba nasa kason. "Kowa ya kawo nasa. Kuma ku cika hannu, kun dai ji irin cikin baƙon namu."

Dariya ta ɓarke, har Baba Bukar sai da ya dara. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suna zubawa, kowa na tsokanata, shinkafa ta taru ta fi ta tulun yawa. Ni dai ina tsaye, ido ya cika da ƙwalla, rabi kunya rabi daɗi. Ruwa ya sauka a makon, Baba Bukar ya watsa irinsa tare da kowa.

Na daɗe ina wannan aiki a ƙauyukan fadama, kuma har na tsufa sunan da suka laƙaba mini bai goge ba: Akawu Ci-iri. Na daina yarda da idona, na koma tambayar tsofaffin mata. In kuwa zan shiga wani gari, sai na cika cikina tun daga gida. Gidan da suka fi matsa mini da a ƙaro, washegari can nake fara sauke buhu, ta ƙofar baya.