Ranar da Na Harbe Randar Surukata

Ni kafinta ne a Majidaɗi, kuma a lokacin gani nake babu katakon da ya fi ƙarfina. Wata Asabar na je Kona gaida surukina, Baba Yohanna, sai na ga gindin bindigarsa ta farauta, samfurin fam-akshan, ya tsage.

Na ce, "Baba, wannan ai aikin yara ne. Sabo zan sassaƙa maka da maɗaci."

Ya ce, "Bari in cire harsashi tukuna."

Na ce na riga na duba. Katakon kawai na duba. Na ɗora ta a cinya ina laluben noti, ina koya wa tsohon maharbi yadda ake riƙe bindiga, sai ta tashi.

Randar tsakar gida ta tarwatse. Surukata ta bar wurin ke nan da moɗa a hannu, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na sulale na zauna cikin ruwan ina ta gode wa Allah.

Baba ya karɓi bindigarsa a hankali, ya ce, "Ka kashe ta, ɗana. Saura fiɗa."

Har yau in na shiga gidan, Mama takan ce wa jikokinta, "Ku ɓoye tuluna, maharbi ya iso."