Ƙofar Ɗakin Baba Tanko

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na cire ƙofar Baba Tanko ba.

A gidan da na gada a Daura akwai wani ɗaki kusa da zaure, shi na ba wannan dattijo haya. Maganin gargajiya yake sayarwa, yana bin kasuwannin ƙauye. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan kuɗin haya ya koma, "Allah dai ya kawo ciniki, Malam."

Hanyar kowa ya san ta: ka gaya wa mai unguwa, a ba mutum notis, in ya ƙi tashi a je kotu. Ni kuwa sai na kai maganar teburin mai shayi, inda kowa lauya ne. Wani ya ce, "Wace kotu? Cire masa ƙofa! Kwana biyu zai tattara komatsansa." (Daga baya na tuna mai shawarar nan ko akurkin kaji bai mallaka ba.)

Ranar da Baba Tanko ya tafi cin kasuwar Dutsi na ɗauko kafinta. Har babbar riga na sa, na ce wa matata Hadiza ta leƙo ta ga yadda maza ke ƙwatar haƙƙinsu. Kafinta ya ɓalle ƙofar ya jingine ta, muka leƙa ciki.

Akwatunan katako uku ne masu ƙananan huji. Biyu a rufe, wani abu yana huci a ciki. Na ukun a buɗe yake, wayam, ga saɓar maciji a gefensa.

"Malam, gamsheƙa!" in ji kafinta. Ko gudumarsa bai tsaya ɗauka ba.

'Yata Ummi tana rarrafe a tsakar gida, ga itace a jibge, ga ramukan ɓera ko'ina. Hadiza ce ta yi ta maza ta sure ta. Ni ban san lokacin da na ɗare kan turmi ba. A nan matan maƙwabta suka same ni, na tattare riga har wuya ina salati. Da gefen rigar ya goge mini ƙafa, ihun da na kurma sai da aka ji shi a bakin titi. Ɗan garin da ake alfahari da kashe macijiya a rijiya ke nan!

Kwana uku muka yi a gidan surukaina. Baban Hadiza ya dube ni ya ce, "Malam, ashe kai aka ba notis ɗin?"

Da Baba Tanko ya dawo, mai unguwa ya tara mu. Baba Tanko ya shiga ɗakin, ya fito ko a jikinsa.

"Biyu suna nan. Baƙar ce ta fita. Na bar ta ta miƙe jiki ne, na san ƙofa a kulle take. Ba ta jin kiran kowa sai nawa. Amma tunda Malam yana son ɗakinsa, yau zan kwashe."

A gaban jama'a na zube ƙasa, hula ta yi nata wuri. "Baba, don girman Allah, ina za ka? Ai nan gidanka ne!"

"To kuɗin haya fa?"

"Wa ya yi maganar kuɗi?"

Shekara biyu ke nan. Duk ran da na fara kewaye-kewayen zancen haya, sai ya ce, "Af, jiya kamar na ga sawunta bayan randa." Hadiza ta rantse akwatin nan dama ba komai a cikinsa. Wataƙila gaskiyarta. Amma har yau sai na kakkaɓe takalmi nake sawa, kuma ban da niyyar gwadawa.

Abin da na koya dai, kafin ka cire wa mutum ƙofa, fara bincika ko kai take karewa.